"Wata Tsohuwa Ta Ce"

Da hantsi ana yayyafi, Dogara ya fake ƙofar wani shago a Xiaobei, unguwar baƙin 'yan kasuwa a can ƙasar waje, riƙe da tarihin ƙauyensu da zai kai a buga. Wani dattijo ɗan Maraɗi ya leƙa takardun.

"Samari, wa ya ba ka labarin nan?"

"Kakata ce, Baba. Bamagujiya."

"To ina sunanta? 'Wata tsohuwa ta ce' kawai nake gani. Haka Nasara ya yi wa kakana, har gobe abin na cin mu."

Dogara ya sunkuyar da kai. "Kunya na ji, kada a ce jikan arna. Ga shi bara ta rasu."

"Allah ya jiƙanta. Ai ba a buga ba tukuna."

Dattijon ya zaro biro, ya ɗora masa a kan shafin farko, ya wuce.