Kwalbar da ke Kan Taga

Shugaban ƙungiyar masu lambu, malamai, iyayena maza da mata, da ke Inna, uwargidan marigayi, da 'ya'yanki, ina gaishe ku. Ku yi haƙuri da muryata, ban saba tsayawa gaban mutane ba.

Akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Bara waccan aka aike ni share ɗakin aikin malamin gonarmu, wanda muke kira Baba Mai Kwalba. Na ga dafaffiyar shinkafa a kwalabe tara ta yi funfuna kore shar. Na zubar, na wanke su tas. Da ya shigo sai ya yi dariya, ya ce, "'Yata, kin kori sojojina da sabulu." Bai taɓa tona ni ba.

Ranar ya sa ni leƙa madubinsa mai ƙara girman abu. Na ga zare-zaren funfunar wata kwalba da ta tsira, sirara kamar saƙar gizo, sun naɗe wata tsutsa da ido ba ya gani, irin mai cin saiwa. Tun daga nan, in na taka ƙasa sai in ji kamar akwai wani gari a ƙarƙashina, ana ta saƙa a hankali.

Ya kasance mai bin lambunanmu, ya tuge tumatirin da ya yanƙwane, ya nuna mana ƙulle-ƙullen saiwarsa, aikin tsutsar nan. Ya kasance mai haƙuri da gardamarmu. Mahaifiyata ta kusa barin lambunta, ta ce masa, "Malam, ruɓaɓɓiyar shinkafa ce za ta yi abin da feshi ya kasa?" Ya ce, "Ke dai gauraya da taki, ƙasa ta san nata." Daga lambun nan muke ci yau.

Inna, ki yi haƙuri. Yayyena, ku riƙe ta da kyau. Mun gode da kuka ara mana shi. Allah Ya gafarta masa, Ya sanyaya makwancinsa.

Saura magana ɗaya. Funfunar nan mutuwa take in ba a sauya mata sabuwar shinkafa ba, kuma kwalba ɗaya ta rage. Inna, wadda kika nema a kan taga ba ɓata ta yi ba, tana wurina. Na dafa shinkafa, na raba ta kwalba uku, na ɗiba musu funfunar tsohuwar kwalbar, yadda ya koya mini. Da safen nan na duba, sun fara kore.