Kabarin Abdulfatah Ba a Gumel Yake Ba

Assalamu alaikum. Wakilin Mai Martaba, ranka ya daɗe. Hakiman Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar, malamanmu, baƙinmu na Abuja, Hajiya Ummulkhair da yara, ina gaishe ku. Ni ne Shehu, tare muka taso da marigayi Alhaji Abdulfatah. An ce in yi magana mai sanyi. Wallahi yau ba ni da ita.

Ya kasance wakilin ƙasar nan a wajen yarjejeniyar jiragen sama, inda ƙasashe ke yanke shawarar jirgin wa zai sauka ina, kuma sau nawa a mako. Ya kasance in ya zo hutu sai ya zauna cikin fatake a kasuwar Maigatari, yana jin kukansu: mutum zai nufi gabas, sai an fara kai shi Legas. Mukan tsokane shi: “Abdu, kai kana sama, mu muna akori-kura.” Ya ce, “Bari dai, Shehu, sai na sauke muku jirgin nan a Kano.”

Kuma ya sauke shi: jirgin wata ƙasar gabas ya riƙa sauka Kano kai tsaye. Yana yin ritaya, waɗanda suka gaji kujerarsa suka soke yarjejeniyar. Wai sai jirginmu ya sauka can kafin nasu ya ƙara sauka nan. Wane jirgin? Muna da shi ne? Haba jama'a!

Da ciwon zuciya ya kama shi, likitansa a waccan ƙasar yake. Tafiyar da ba ta kai wuni ba ta koma Kano zuwa Legas, Legas zuwa wata ƙasar da ba shi da kowa. A ɗakin jiran fasinja ya cika, Hajiya na riƙe da hannunsa, ba ta jin yarensu. Baƙi suka yi masa sutura. Babban ɗansa Zayyad bai sallaci mahaifinsa ba.

Hajiya, Zayyad, ku yi haƙuri. Ajali ba ya wuce lokacinsa, mun sani. Amma wahalar nan mutane suka sa mata hannu. Baƙinmu na Abuja, ku maido da jirgin nan. A rumfar nan akwai marasa lafiya da ke jiran wannan tafiyar.

Mun gode wa kowa da ya zo. Allah ya jiƙan Abdulfatah, ya haskaka kabarinsa, wanda duk cikinmu nan babu namijin da ya san inda yake. Amin.