Birkin Taraktar Hedimasta

Naira huɗu na bar gida da su, kuma su ɗin ma ba nawa ba ne. Kakarku ce ta sayar da tunkiyarta, ta miƙo mini kuɗin tana cewa, "In ka dawo hannu rabbana, ka san wadda za ka tarar a bakin ƙofa." Kun dai san halinta, to da ƙuruciya ta fi haka.

Jirgin ƙasa ya sauke ni a Kafanchan. A tasha na ji labarin wasu manoman citta a wani ƙauye gaba da Kwoi sun haɗa kai sun sayi sabuwar tarakta, suna neman direba. Na bugi ƙirji na ce ga ni, don na yi shekara biyu ina tuƙi a nan wajenmu. Abin da ban faɗa musu ba, ƙasarmu a shimfiɗe take kamar tabarma, ba na taka birki sai an kira ni cin abinci. Can kuwa tudu da gangara ne, har akuyarsu a karkace take kiwo.

Shugaban ƙungiyar wani tsohon hedimasta ne, Malam Yohanna, kowa Baba Hedimasta yake ce masa. Dogo, da tabarau, ga tsabta kamar me. A ƙofar gidansa taraktar take kwana, ni kuma ya ba ni ɗaki a zaure. Matarsa, Mama Rifkatu, ta ware mini tukunya daban saboda ni Musulmi ne, ban roƙa ba. Allah ya saka wa matar nan.

Sati na farko lafiya lau, sai dai ɗan ƙiii da birkin yake yi in na taka. A sati na biyu ƙarar ta ɗauke, na ce madalla. Ran nan na ɗauko tirela maƙil da buhunan citta, na biyo gangarar da ke sauka rafi, na taka birki, tarakta ta ce ba ta san zancen ba. Na miƙe tsaye a kan birkin nan, tana ta sulalawa abinta. Mata masu wanki suka watse, ni kuwa ba addu'ar da ban karanto ba. Yashin rafin ne ya riƙe mu. Na sauko, wallahi na ji tsoro.

Hedimasta ya iso a kan kekensa.

"Direba, ka kashe mana tarakta?"

"Baba, birki ne ba ya ci."

"Sabon abu? Wata ɗaya bai yi ba. Wannan kelasnes ne."

Kelasnes, wato sakaci. Ku daina dariya, haka na ji ya faɗa. Nan take ya yanke: ranar Asabar kwamiti zai zauna a harabar coci, in birki bai gyaru ba in kama hanya, kuma za su rubuta takarda kada kowa ya sake ba ni tuƙi a yankin. Na tuna kakarku a bakin ƙofa.

Aka ɗauko wani bakanike daga Kafanchan, Bitrus, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa. Ya fara da ni. Tarakta birki biyu gare ta, na dama da na hagu, da ɗan ƙarfen da ke haɗa su in za a hau hanya. Ya ce ko na manta ban haɗa ba? Na nuna masa a haɗe. Ya ce ko lodi ya yi yawa? Muka sauke rabi, duk ɗaya. Ya ce ko da babbar giya nake gangara? Nan kam ya kama ni, ya koya mini in sa ƙaramar giya tun daga saman tudu. Ya ɗaure birkin, ya yi masa abin da yake kira ajasmen, har yanzu santsi. Sai ya ɗaga taraktar a jak ya kwance ƙafar baya, ya buɗe, ga birki jiƙe sharkaf da mai. Ya wanke da fetur ya shanya, birki ya kama cak.

Kwana biyu, santsi ya dawo. Bitrus ya sake buɗewa, dama da hagu duk mai. Ya lakato da yatsa ya sansana.

"Malam Sule, wannan ba man cikin tarakta ba ne. Nata mai kauri ne. Wannan na keke ne. Kana da abokin gaba?"

Ni da ko wata ban yi a garin ba.

Ranar Juma'a na idar da sallar asuba, maimakon in koma in kishingiɗa sai na fito. Gari ya fara wayewa. Na hangi ƙafafu biyu sun leƙo daga ƙarƙashin tarakta, da silifa. Na durƙusa. Baba Hedimasta ne kwance a kan buhu, da 'yar butar man kekensa, yana ɗiga mai a ramin da ake ɗaure birki.

"Baba, barka da asuba. Me ake yi?"

"Ina yin aikin da ya kamata ka yi. Ƙarfe in ya yi kuka, mai yake so. Tun da na fara ba shi, ka ƙara jin ƙiii?"

"Ban ƙara ji ba, Baba. Birkin ma ban ƙara ji ba."

Ya cire tabarau, ya mayar. Ya fito a hankali ya shige gida.

Ran Asabar aka taru. Bitrus ya yi bayani cewa mai ne ake zubawa. Faston cocin, wanda shi ma yana cikin kwamitin, ya juyo gare ni ya ce, "Direba, wa ke zubawa?" Na dubi tsohon nan da ya koyar da rabin mutanen da ke zaune, da tuwon gidansa a cikina. Na sunkuyar da kai na ce ban da ta cewa. Aka fara gunaguni, wani ya ce ai ga shi nan, ya amsa laifinsa. A raina na ce shi ke nan, aiki ya tafi.

Sai Hedimasta ya miƙe.

"Ni ne. Na ɗauka tarakta babban keke ne. Na zagi yaron nan a gaban mutane, to a gaban mutane nake roƙonsa gafara."

Mama Rifkatu ce ta fara tuntsirewa da dariya. "Shi ya sa man keken ɗinkina yake ƙarewa, ni ina ta zargin jikoki." Kowa ya ɗauka, har Fasto yana share hawaye. Ni kuwa nawa hawayen ba na dariya ba ne.

Aka sa sabon birki, citta ta isa Kafanchan ba buhun da ya faɗi. Da damina ta matso na dawo gida da kuɗin tumaki biyu da turmin atamfa. Rani shida ina komawa garin nan. Kullum in zan gangara da lodi, sai in hango tsohon tsaye a bakin hanya ya goya hannuwansa a baya, yana jiran ya ji ƙiii kafin ya koma cikin gida.