Kwalekwalen Gaggawa: Jawabin Jami'ar Asibitin Shan Magani a Taron Garuruwan Bakin Kogin Logon

Ranka ya daɗe shugaban taro, magadan gari na wannan ƙetare da na wancan, masu unguwanni, limamai da fastoci, iyayena mata, masunta da manoman shinkafa, ina yi muku barka da zuwa. Ina kuma godiya da kuka ba ni dama na yi magana, bayan shekara ashirin da biyu ina aiki a ƙaramin asibitin garin nan.

An ce na faɗi yadda mutuwar hatsari da ta bindiga ke mayar da mu baya. Zan faɗi ta mutum ɗaya.

Duk kun san Dafsiya makanike. Shi kaɗai ke gyara injinan ban ruwa a ƙauyuka bakwai, uku a ƙasarmu, huɗu a ƙetare. Bara, wata ranar kasuwa, motar albasa ta buge babur ɗinsa, aka kawo mini shi da hantsi, cikinsa na zubar da jini ta ciki. Asibitinmu mai tiyata tafiyar awa biyar ce. Na ƙetare kuwa, daga nan kuna hango rufinsa.

Na je wajen Fisu mai fito, na roƙe shi ya tsallakar da Dafsiya. Ya ce mini, "Yaya, ni ba ƙi na yi ba. Tun da 'yan fashi suka harbe abokin aikina Haranga a mashigi aka hana fito sai da takarda. In na tsallaka haka, kwalekwalen za a ƙwace, yarana su ci me?"

Aka tafi neman mai sa hannu, aka tarar ya tafi taro. Dafsiya yana kwance yana ce mini, "Yaya, ki gaya wa mutanen fadama injinsu bai ƙone ba, bel ne kawai ya lalace." Ya cika da la'asar, yana da shekara talatin da huɗu.

Ga abin da ya biyo baya. Na farko, ba wanda ya san wane bel yake nufi, ba kuma wani mai gyaran injina, shinkafar rani ta bushe a ƙauyuka biyar. Na biyu, 'ya'yansa mata biyu sun bar makaranta, babbar ita ce ta ɗaya a ajinsu. Na uku, samarin da ke aikin fadama sun koma dakon fetur a babur ta hanyoyin daji, na kuma riga na wanke gawar biyu daga cikinsu.

Ba mu roƙi a buɗe iyaka ba, ba mu roƙi a rage tsaro ba. Muna roƙon kwalekwale ɗaya mai farar tuta, wanda jami'an ƙasashen biyu suka sani, ya ɗauki mai rauni ya tsallaka, takarda ta biyo baya. Fisu ya ce zai tuƙa. Matar Dafsiya ta riga ta ɗinka tutar, saura sa hannunku.

Allah Ya kare matafiyanmu a kan ruwa da kan tudu, Ya jiƙan waɗanda suka rigaye mu, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Na gode.