Yadda Kobol Ta Riƙe Ni A Ikko

Kuɗin motar da ya kai ni Ikko na tunkiyar Inna ne. Ta sayar da ita ba da sanin Baba ba, ta ƙulle kuɗin a bakin ƙyalle ta ce, "Ka tahi, tun da ƙahwarka ta ƙi zama wuri guda." Kai Nasiru, lokacin ko wando ba ka sawa, shi ya sa yau kake tambayata wane harshen kwamfuta za ka koya kamar mai zaɓen hula a kasuwa. Matso ka ji, ku ma sauran yaran gida ku matso.

Na sauka Agege da takardar sakandare da ɗan iya buga tafireta. Wani ɗan unguwar Minanata ta Sakkwato ya kai ni kamfanin masu shigo da siminti, aka ba ni aikin huda kati. A zamanin ba a yi wa kwamfuta magana kai tsaye. Masu ilimin su rubuta umarni a takarda, mu mu huda shi a kati, a zuba wa na'ura ta karanta. Ɗakinta ya fi ɗakin gwamna sanyi, mu kuwa muna baranda muna zufa. A nan wani abokin aiki ya ɗan nuna mini Besik, harshen 'yan koyo, har nakan sa na'ura ta rubuta sunana.

Ana nan, lokacin da sojoji ke sa mutane bin layi da bulala a tashar mota, sai Oga, wato manajanmu, ya tara mu. Ya ce za a kwashe injinan huda kati. Wanda ya iya rubuta wa kwamfuta umarni ya zauna, wanda bai iya ba ya nemi hanyar garinsu. Kafin ƙarshen damina za a gwada mu.

To, wane harshe? Injiniya Chidi ya ce Fotran, da shi kamfanonin mai ke aiki, can kuɗi suke. Ni kuwa bakin Sakkwato, sai na ce "Hwatiran". Har na bar kamfanin suna kirana Malam Hwatiran. Wani ɗan jami'a ya ce Paskal ne na masu hankali. Mai sayar da tsofaffin littattafai a Yaba ya ce duk wanda ke kan teburinsa shi ne mafi kyau. Na sayi na Fotran, marar bango, ɓeraye sun ci babin ƙarshe.

Na yi masa hadda. Na kwafe shafuka na liƙe a bangon ɗaki da kamu, don in riƙa gani. Tururuwa suka ji kamu suka yo gayya. Sai ga mai gidan, Baba Lasisi, da gurguwar Hausarsa.

"Mala, bango naka ne?"

"Karatu nike, Baba."

"Karatu da koko? Ɗan haya ɗaya na ba ɗaki, ba kai da ƙwari dubu ba!"

Na kankare bangon da cokali yana tsaye a kaina.

Haddar ta zauna, amma da na rubuta umarni na kai wa Chidi sai ya ce in dawo gobe. Goben ta yi ta haihuwar gobe. Ba mugunta ba ce, ba shi da lokaci, kuma kamfaninmu ba ya aiki da Fotran, don haka ba mai bari in gwada a na'ura. Ga damina tana tafiya.

Sai na tuna yadda Baba ke yi a karatun zaure. Ban taɓa jin ya tambayi wane littafi ya fi wani ba. Abin da yake tambaya shi ne, wajen wa ake ɗaukarsa? In malamin unguwa fiƙihu yake bayarwa, fiƙihu za ka fara, ko da nahawu ranka ke so. Na ajiye tambayar harshe, na shiga neman mutum.

Akwai wata Madam Rifkatu, mutuniyar Zuru, ita ke rubuta tsarin ajiyar siminti da Kobol. Samarin ofis suna raina Kobol, wai harshen tsofaffi ne, surutu ya yi masa yawa. Na same ta lokacin hutun rana, na tuɓe takalmi, na durƙusa.

"Mama, so nike in ɗauki karatu gare ki."

Ta kwashe da dariya. "Basakkwace! Tashi ka zauna kujera, kada Oga ya ce na buɗe makarantar allo. Mi ka iya?"

"Hwatiran, da ka."

"Da ka? Na'ura ba ta sauraron tilawa, ƙanena."

Ta ba ni aron littafinta. Kullum da hutu in karanta layi, ta fassara da Hausa, in ta ce "ya isa" in tsaya. Daga nan ta ba ni kujerarta in buga abin da na rubuta. Na'ura ta watso mini kurakurai, ita tana cin doyarta ba ta ko kallo. Sai na gaji da nema take nuna wurin da bakin cokali.

Ranar gwaji Oga ya ce kowa ya sa na'ura ta jera ɗakunan ajiyarmu, daga mai yawan kaya zuwa wanda ya kusa ƙarewa. Bugun farko ta ƙi.

"Malam Hwatiran, a kira maka mota?" in ji Oga.

"Oga, gaisuwa ce muke yi tukuna."

Kuskuren na san fuskarsa, mun sha haɗuwa a kujerar Madam. Na gyara, takarda ta fito. Cikin masu huda kati, kaɗan muka rage. Wani abokina da ya fi ni kai nesa ba kusa ba, amma ya yi ta fama da littafin Paskal shi kaɗai, ya koma sayar da kaset a Oshodi.

Don haka Nasiru, kada ka fara da sunan harshe. Dubi wa ke kusa da kai da ya iya, kuma wace na'ura za a bari ka taɓa. Littafi kuwa, ko na aro ne ya isa, in akwai mai gyara maka.

Kun ga dai na dawo da akwati biyu da takardar ɗaukar aiki a wata ma'aikata nan Sakkwato. Jiya a ma'aikatar suka yaye ƙyallen da suka rufe kwamfutarsu da shi, ina ta hura hanci. Ashe 'yar ƙarama ce ta kan tebur, ba ta san Kobol ba, Dibes take ji. Ban iya ko harafi ɗaya ba. Na bincika, an ce akwai wani Malam Yohanna, malamin lissafi a Arkilla, ya iya. Bayan la'asar can za ni. Mai zuwa ya ɗauko kekensa.