Gobe Za A Cire Cikin

A ɗakin jira na wani asibiti a unguwar Sharafiyya, can ƙasa mai tsarki, wata dattijuwa ta matso kusa da wata mai ciki da ke ta murmushi ita kaɗai.

"Masha Allah! 'Yar nan, cikin nan ya yi tsini, wallahi namiji ne! Ga ki sai fara'a. Wata nawa?"

"Biyar, Hajiya. Yanzun nan likitoci suka amince, halas, magana ta ƙare! Gobe za a cire shi."

"A cire? Innalillahi! Bayan an busa masa rai? Kuma kina dariya? Ai a ƙasar nan ba a taɓa cikin da ya wuce wata huɗu!"

"Sai in ran uwa na cikin haɗari. Ciwon zuciya gare ni, sun ce ba zan kai haihuwa ba. Kuka kam na sha shi, Hajiya, har suna na zaɓa masa. Amma yara uku na bari a gida, yau na san zan ga girmansu!"

"Zuciya? Ƙafafunki na kumbura? Numfashi na sarƙewa in kin kwanta?"

"Ya aka yi kika sani?"

"Haka 'yata Hikima ta yi a unguwar Nuzla. Ba ta da iƙama, takardar zaman ƙasa, tana tsoron asibiti. Kowa ya ce laulayi ne, zai wuce."

"Allah sarki. Ta sauka lafiya?"

"Yaranta suna wurina."

Dattijuwar ta kamo hannun mai cikin.

"Goben ƙarfe nawa? Wa zai zauna da ke? Kar ki ce min ba kowa, ni zan zo, da kunu mai zafi. Yalla, tashi, ke ake kira!"