Allunan Burtalin Sara

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah, da iyalan gidansa, da sahabbansa.

Shugaban wannan taro. Ranka ya daɗe, Dagaci. Malam Liman, Allah ya gafarta malam. Ardo Dabo da jama'arsa. Masu unguwanni da 'yan kwamitin sulhu na manoma da makiyaya. Iyayenmu mata da ke zaune can gindin tsamiya. Manoman Sara da baƙinmu na Dingaya da suka yi sammako. Jama'a baki ɗaya, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ga wanda bai san ni ba, ni ne Yahuza masassaƙi, mutumin Birnin Kudu. Ni na sassaƙa allunan nan ashirin da huɗu da za a kakkafa yau a gefen burtali, domin makiyayi ya san inda hanyarsa ta bi, ya kuma san inda gona ta fara. An ce in yi jawabin godiya na minti biyar. Shugaba, ka yi haƙuri, zan ɗan zarce, domin akwai maganar da na shekara talatin ina haɗiye ta, yau kuwa sai ta fito.

Godiyata ta farko ga kwamiti ce, da suka tsallake masu allunan ƙarfe na Kano suka zo rumfata. Na gode wa Dagaci da ya ba da maɗaci, katakon da gara ke jin nauyinsa. Na gode wa matasan da suka haƙa ramuka ashirin da huɗu a ƙasar da ruwa bai taɓa ba tukuna. Allah ya saka muku da alheri.

Na biyu, bari in gaya muku yadda nake aiki tun ina da baƙin gashi. Mutum ya zo yana son allon shago ko na makaranta, sai in yagi takardar buhun siminti, in zana masa da fensir. In ya ce ya yi, in ɗauki gizago. Launi kuwa da baki ake faɗa: nan ja, nan kore. Ni kuma in gyaɗa kai kamar na san abin da ake nufi. To, jama'a, ku ji da kyau: ni Yahuza, tunda uwata ta haife ni, ban taɓa bambanta ja da kore ba. Duka biyun a idona kamar ƙasar shuri suke. Mai ɗakina, marigayiya Hapsatu, ita kaɗai ta sani. Ita ke buɗe gwangwanin fenti ta miƙo mini, ta nuna da yatsa ta ce, “Malam, wannan nan, wancan can.” Da Allah ya karɓi abarsa shekara uku da suka wuce, sai na daina karɓar aikin launi. Na riƙa cika baki a kasuwa wai fenti aikin yara ne, kyan katako a bar shi da fuskarsa. Wallahi ba ra'ayi ba ne, tsoro ne.

Sai ga kwamiti da wannan aiki. Suka ce rubutun boko da na ajami duk za a sa, amma mai tafe gaban shanu tamanin ba ya da lokacin tsayawa karatu. Tun daga nesa ya kamata ya gane, ya karkata garke kafin ya iso. Saboda haka kore shi ne “wuce”, ja shi ne “gona ce”. Inna lillahi! Amma bakina ya ce to.

Kowa a nan ya san dalilin aikin. Kun tuna bara, a kwanar da burtali ya lanƙwasa, shanu suka faɗa gonar waken Inna Turai, gonar da take ciyar da jikoki biyar da ita. Kun tuna an fito da sanduna. Kun tuna da ƙyar Malam Liman ya shiga tsakani. Kuma a zaman sulhu an yanke cewa da zarar an kafa alluna, babu sauran uzuri: duk wanda shanunsa suka ƙetare jan allo, da gangan ya yi.

Na uku, kuma nan ne zuciyar maganata. 'Yata Munawwara, wadda ke da shagon buga takardu kusa da tasha a Birnin Kudu, ta ce mini, “Baba, wannan karon ba takardar siminti. Kawo zanenka in ɗora a kwamfuta, in zuba masa launi, mu kai wa mutanen su gani kafin ka taɓa katako.” Na yi faɗa. Na ce shekara nawa ina sassaƙa ba da kwamfuta ba? Ta ce, “Baba, fensir ba ya nuna wa mutum abin da zai gani ranar da aka kafa allo.” Halin uwarta ta ɗauko, ba a cin nasara a kanta. Na miƙa mata zanen.

Ranar wata Laraba muka zo nan, gindin wannan tsamiya. Ta manna takardu biyu a jikin kwali, ta sa aka kai su can bakin rijiya, daidai nisan da makiyayi zai hango allo. Kowa na cewa madalla, ja ya fito, kore ya fito. Ni ma na ce madalla. Ina kallon tagwaye, ina cewa madalla! Sai ta miƙe, ba ta dubi inda nake ba, ta ce, “Iyayena, kafin mu tashi, ko akwai wanda takardun nan biyu suka zame masa iri ɗaya?”

Jama'a, ni ya kamata in ɗaga hannu. Ni na fi kowa sanin amsar. Na sunkuyar da kai ina gyara hula.

Ardo Dabo ne ya yi gyaran murya. Ya ce, “'Yata, ni dai ina gani. Amma Safiyanu nawa, shi ke jan garke, kuma shi ko barkono aka aike shi tsinka, da nunanne da ɗanye yake haɗowa. Kira shi ya duba.” Haka kawai ya faɗa, ba kunya, ba ɓoye-ɓoye, kamar mai cewa ɗansa bahago ne. Aka kira Malam Safiyanu, magidanci mai 'ya'ya huɗu. Ya duba, ya sake dubawa, ya yi dariya ya ce, “Ai allo ɗaya kuka buga sau biyu.”

Ku tsaya ku auna wannan. Da a ce da fensir muka yi aiki, da kwamiti ya sa hannu, da na sami wanda zai buɗe mini gwangwani a ɓoye, da an kafa alluna an yi addu'a an watse. Damina ta sauka, Safiyanu ya iso kwanar Inna Turai, ya hango allo, ya kora shanunsa da zuciya ɗaya. Wa zai yarda da shi? Wa zai tsaya ya saurari maganar barkono alhali wake na kwance? Da an ce ya raina sulhu, da an ce ya raina Dagaci, kuma da abin da aka hana bara ya faru bana.

Nan take Munawwara ta buɗe kwamfutarta a kan tabarma. Ta cire ja ta sa rawaya, ta cire kore ta sa shuɗi, ta juya wa Safiyanu. Ya ce, “Yawwa! Wannan daban, wannan daban.” Inna Turai ta ƙara da nata, ta ce dama koren nan da dawa ta tashi ɓacewa zai yi cikin ganye. Aikin da in da a kan katako ne sai an kankare alluna ashirin da huɗu, ga shi an gama shi kafin shayi ya huce. Ni kuwa ina gefe, hawaye na neman tona ni, domin ni ma na ga bambancin.

A mota muna komawa, har mun wuce rabin hanya. Can na ce, “Munawwara, tambayar nan da kika yi, wa kike nufi?” Ta ce, “Baba, Innata ce ta gaya mini tun tana asibiti. Ta ce in kula da idonka, kada kuma in bari ka san na sani.” Shekara uku yarinyar nan tana jin ina zagin fenti a kasuwa, ba ta taɓa ɗaga mini gira ba. Allah ya yi miki albarka, ya ba ki masu rufa miki asiri kamar yadda kika rufa mini.

Ardo, na gode maka. Ka faɗi a bainar jama'a abin da na kasa faɗa wa 'yar cikina. Ga 'yan'uwana masassaƙa kuma, shawarata ɗaya ce: kada ku ƙara taɓa katako sai mai aiki ya ga launinsa a takarda, a nisan da za a kalle shi, da idon wanda zai yi amfani da shi.

Saura mai nauyin. Inna Turai, Malam Safiyanu, ranar nan na san haɗarin da ke jiranku, na zaɓi sunana a kan gonarki, na zaɓi sunana a kan mutuncinka. Ba ni na cece ku ba, Allah ne ya cece ku daga shiruna. A gaban Dagaci, a gaban Liman, a gaban jama'ar Sara, ina roƙonku ku yafe mini.

Allah ya ba mu damina mai albarka. Allah ya cika rumbu, ya cika ƙwarya da nono. Allah ya sa sandar makiyayi ta tsaya a kan shanu, fartanyar manomi ta tsaya a kan ciyawa. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya mai da kowa gidansa lafiya.

Shugaba, an ce ni zan yaye ƙyallen allon farko. Ina neman alfarma a bar wa Safiyanu. Taso, ɗan'uwana, in ka yafe, ka kama gefe ɗaya in kama ɗaya.

Na gode.